Aron Sama a Gidan Kulu

Duk wanda ya tashi a Nasarawa Burkullu a zamaninmu ya san kiran nan. In za a gyara jinkar ɗaki, ko a yaɓe soro, ko a hau itace a sassabo wa awaki ganye, sai mai hawan ya tsaya daga ƙasa ya ɗaga murya sau uku: "A kimtsa, za a hau bisa!" Mai wanka ta gama wankanta, wadda ta tuɓe kallabi ta ɗaura, sannan a jingina tsani. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana wannan. Ni dai a bakin kakata na fara jin dalilinsa, cikin tatsuniya. Sai da na yi jikoki, aka kawo wani faifan ƙarfe gidana a Gummi, sannan na san rabinta kawai na ji.

Inna Tsohuwa muke ce mata, don a bambanta ta da Innarmu. Lokacin sanyi, in an gama kai hatsi rumbu, da an idar da magariba an ci tuwo, sai ta tara kara a ƙofar ɗakinta ta hura wuta. Wutar kara ba ta da haƙuri, yanzu ta tashi yanzu ta kwanta, don haka kowannenmu da nasa kara yake zuwa, har 'ya'yan Fulanin da ke sauka da shanu a gonarmu bayan girbi. Wanda ya zo hannu wofi ya zauna can baya ya sha sanyinsa. Takan binne gyaɗa cikin toka, ta ɗauki mazarinta, ta shafa alli a yatsu, ta yi ta kaɗin auduga kamar ba ta san muna nan ba. Ba ta farawa sai an yi tsit. Ni ce mai yawan tambaya, ni ce kuma mai shan faɗa.

"Ke Ige, rufe bakinga, kada ƙuda su yi miki ƙwai ciki."

Sai ta gyara murya ta ce, "Ga ta nan tafe, tana ɗingishi."

Mu ce, "Ta iso mu ba ta sanda."

Tatsuniyoyinta suna da yawa, wasu sun ɓace mini, amma ta mai hawan giginya tana nan kamar jiya na ji ta.

Wai an yi wani mutum da ba a taɓa yin gwanin hawan giginya kamarsa ba. Kullum kafin ya ɗaura igiya sai ya yi kiran nan sau uku. Ran nan ya ga 'ya'yan wata giginya sun nuna jajir, ga wasu mahaya sun nufo ta, sai ya yi sauri ya hau bai yi kira ba. Giginyar kuwa a jikin katangar wani gida take. Matar gidan mace ce mai kamun kai, mijinta ya daɗe da tafiya fatauci. Kullum da la'asar unguwa tana jin ƙarar taɓaryarta, ana cewa gidan nan ba ya rabo da daka. Da mutumin ya kai can ƙoli ya duba ƙasa, sai ya ga abin da ke cikin turmin. Ƙaiƙayi ne. Rumbu a buɗe, ba ko zangarniya ɗaya. Ƙaiƙayi take dakawa don maƙwabta su ji taɓarya su ce an ci.

Ya kama saukowa. Ya zamo taki ɗaya, giginya ta ƙara taki ɗaya. Ya zamo gaba guda, ta ƙara gaba guda. A nan Inna Tsohuwa takan kumbura kumatu ta yi muryar giginya, mu ƙanƙame juna.

"Da ido wofi ka hau ni. Yanzu ka ɗauko kayan mutane. Ba ni sauke ɓarawo."

"To mi za ni yi?"

"Ni icce na, ba alƙali ba."

Mutumin ya yi tunani, ya tsinko 'ya'yan giginya mafi kyau ya jefa cikin gidan. Matar ta ɗaga kai ta gan shi. Ta ja mayafi ta rufe turmin, ta tsince 'ya'yan nan ɗaya bayan ɗaya ta wurgo su bayan katanga. Giginya ta ƙara tsawo har ya daina jin kukan jakuna. Ya kwana can, ya wuni can, ƙishirwa ta kusa kashe shi. A rana ta uku iska ta taso, ganyen giginya ya kama kaɗawa. Sai ya juya wa gidan baya, ya sa ƙafa ya riƙa turo 'ya'yan suna faɗawa, tim, tim, tim. Matar ta fito ta ce da ƙarfi, "Kai, iskar yau da alheri ta zo!" Ta tsince abinta, ta ci, ta sayar, ta binne ƙwallon ya yi muruci. Shi kuwa yana miƙa ƙafa ya ji ƙasa.

"Ta ƙare. Wanda bai gane ba shi kwana da ita."

Na ce, "Inna, in bai faɗa wa kowa ba, ke wa ya faɗa miki?"

"Giginyar ta faɗa mini, uwar iyayi."

"To matar ba ta san shi ya turo ba?"

Ta tsayar da mazari, abin da ba ta cika yi ba. "Ta sani mana. Shi ma ya san ta sani. Iskar dai sunka bar ma zancen. Tona gyaɗarku ta ƙone."

Ni abin da na kwana da shi ɗaya ne: kada a hau bisa ba a yi kira ba. Shi na riƙe, shi na reni 'ya'yana da shi, da bulala in ta kama.

Aure ya kai ni Gummi. Gidan da aka kai ni katanga ɗaya ce tsakaninsa da na Malam Sahabi, kuma a makon da aka kawo ni aka kawo matarsa Kulu. Wata damina katangar ta zube ta wajen madafi, mazan suka yi ta cewa gobe za a gyara, mu kuwa muka mai da wurin ƙofa. Ta nan ake miƙo garwashi, ta nan ake miƙo gishiri, ta nan Kulu ta shigo da gudu duk haihuwar da na yi. Ranar da maigidana ya rasu ita ta riƙe ni. Shekara arba'in da wani abu ban taɓa shiga gidanta ta zaure ba.

A shekarar da nake magana Malam Sahabi ya daina fitowa masallaci. Kulu ta ce yana ɗan jin jiki ne. Na ce Allah ya sawwaƙe. Amma ina da ido. Na ga zannuwan da take shanyawa kullum sun ninka, na ga mai ruwa yana shiga sau biyu, na daina jin tarin Malam da asuba in zai yi alwala. Na san abin ya wuce jin jiki. Tunda ba ta faɗa ba, in zan shiga sai in yi gyaran murya tun daga nesa, in tsaya a madafi, in ba ɗakinsa baya.

Ana saura kwanaki a kama azumi ɗana Sanusi, mai fataucin shinkafa zuwa Sakkwato, ya dawo da abin a bayan mota. Ya ce sunansa dish. Ya ce da shi za mu ga Ka'aba ana sallar tarawihi, a lokacin da ake yin ta, muna zaune a Gummi. Ban ce masa ƙarya yake ba, amma na ce sai na gani. Faifai ne na ƙarfe, mutum biyu za su kwanta ciki ba su taɓa juna ba, jikinsa duk huji kamar rariya. Da shi aka zo da mai haɗawa, wani magidanci mai suna Murtala, mai fara'a da surutu. Sanusi ya ce a bisa zaure za a ɗora shi, don darbejiyar tsakar gida ta rufe sama. Na san akwai son a hango daga titi a ciki, amma na ƙyale shi. Na dai sa aka yi kira sau uku, na kuma leƙa da kaina na gaya wa Kulu.

Na shimfiɗa tabarma inda zan ga komai. Na ce, "Kai Murtala, abin da ke da huji haka, mi za shi tara?"

"Inna, in kin yi tankaɗe, gari ya wuce, mi ka tsayawa?"

"Tsaki."

"To abin da muke tarawa ya fi hujin girma. Iska ta wuce, ruwa shi wuce, shi shi tsaya."

Ya nuna mini wani abu kamar gwangwanin madara da aka tsayar a tsakiya bisa ƙafafu uku. Ya ce duk abin da faifan ya tara nan yake zubawa, waya ta ɗauka ta kai wa risiba, wani ƙaramin akwati da ke kusa da talabijin. Na ce daga ina abin yake zubowa? Ya ce daga wani tauraro da mutane suka harba, yana can tsaye wuri ɗaya. A nan na kama shi. Na ce tun ina yarinya nake kallon taurarin kaza da 'ya'yanta, ban taɓa ganin tauraron da ya kwana inda ya fito ba.

Ya yi dariya. "Inna, in ke da wata kuna cikin jirgin fito ɗaya, ruwa na tafe da ku, ita ta matsa daga gare ki?"

"A'a."

"To tafiyarsa ɗaya da ta ƙasa."

Wannan amsar na kwana uku ina juya ta.

Sai aka zo saiti, wanda shi ne aikin. Ya dubi inda dish ɗin wani gida a bakin kasuwa ya fuskanta, gabas da ɗan karkata kudu, fuska a sama kamar ƙwaryar da aka tara wa ruwan indararo. Ya sassauta notuna, ya rungumi bakin faifan. Sanusi yana ɗaki gaban talabijin, ba komai a ciki sai tururuwa baƙi da fari da ƙara kamar ruwa bisa kwano. Murtala ya tura faifan kaɗan, abin da bai fi ƙwayar shinkafa ba, ya tsaya ya ja numfashi biyu, ya ƙara turawa.

"Akwai?"

"Babu!"

"Yanzu fa?"

"Tsaya! Ya zo! Kai, ya tafi, koma baya!"

"Baya wane, naka ko nawa?"

Da ya sami gefen, sai ya koma kan wata doguwar sandar ƙarfe mai zare a baya, yana murza noti, faifan yana ɗaga kai a hankali. Daga nan ya murɗa gwangwanin kaɗan. Can sai tururuwar ta watse, ga mutane cikin farare suna zagaye ɗakin Allah. Ban san lokacin da na tashi tsaye ba. Amma ko a lokacin na lura da abu ɗaya: magariba ta kawo jiki, Murtala yana sauri, noti biyu kawai na ga ya ɗaure da ƙarfi.

Kwana goma sha biyu ga azumi na tafi gaisuwar rasuwa a wata unguwa tun da safe. Ashe jiya da yamma guguwa ta bi ta bisa zaure ta gusa faifan. Sanusi ya ɗauko Murtala da hantsi, suka jingina tsani. Wai aikin minti biyu ne, ba sai an tashi unguwa ba.

Da na dawo na nufi madafi, sai na ga zana a tsaye a ƙofarmu ni da Kulu, an tokare ta da turmi daga can ciki. Da yamma na aika da kunun buɗa-baki ta zaure, aka dawo da shi ko faifan rufi ba a ɗaga ba.

Da na ji an hau zaure ba kira, na sa aka kira mini Sanusi da Murtala. Sanusi ya fara kame-kame, na ce ya rufe mini baki. Na ce, "Murtala, mi ka gani?"

Duk surutun nan nasa ya ƙafe. Ya ce hantsi ne, ana sanyi. Ya ga Inna Kulu ta fito da Malam rana, ta goyo shi a baya kamar jinjiri, ta kwantar da shi bisa tabarma tana yi masa wanka. Ɓarin jikinsa ɗaya ya mutu, baki ya karkace. Mutumin da ya yi shekara talatin yana jan sallah a unguwar. Ya ce bai kai ga kau da kai ba ta ɗago, suka haɗa ido. Ta cire zanen kafaɗarta ta rufe shi.

"Wa ka faɗa wa?"

"Ba kowa, Inna."

"Matarka fa?"

"Wallahi ko ita."

"To ka mutu da shi. In na ji shi a bakin wani, na san ƙofar gidanku."

Na juya kan Sanusi. Abin da na gaya masa ba na maimaitawa ba ne, amma da jikokina a tsaye ya yi hawaye.

Sai na yi abin da na ga ya dace. Na aika Sanusi ya ba da haƙuri, ya ce kuma motarsa tana nan, a kai Malam asibiti a Sakkwato. Na haɗa masa da kaji biyu da sabulu. Bai daɗe ba ya dawo da kajin a hannu. Ya ce daga bayan labule ta amsa masa: "Ka ce ma Innarka Malam ɗan jin jiki ne yake yi. Mun gode." Washegari aka ƙara zana ta biyu.

Haka muka ƙarasa azumi. Ina jin motsin tukunyarta, tana jin nawa. Talabijin yana ta nuna Ka'aba, jikoki suna murna, ni na kasa kallo. Ranar Sallah na tuƙa tuwon shinkafa, hannuna da kansa ya zuba malmala uku a kwanon da nake zuba wa Kulu, sai na tsaya da shi a gaban zana kamar wadda ta ɓata hanya. A nan ne, ina riƙe da kwano, na ji muryar Inna Tsohuwa: ta tsince 'ya'yan nan ɗaya bayan ɗaya ta wurgo su bayan katanga. Shekara sittin ina ɗauke da tatsuniyar nan, har na ba jikokina ita, ban taɓa tambayar kaina me ya sa matar ta wurgo ba. Kajin da na aika ba kaji Kulu ta gani ba. Aike ne mai cewa mun ga halin da kike ciki.

Bayan Sallah na sa Murtala ya sauko da faifan daga bisa zaure, da kira sau uku, har muryarsa ta dushe. Na ce ya nemo masa wuri a ƙasa. Ya zagaye gidan yana ɗaga kai, darbejiya ta tare nan, ɗaki ya tare can. Can ya tsaya kusa da garken awaki.

"Inna, nan za shi kama."

"Awaki za su sosa jiki da shi."

"Ai sai a kewaye shi da..."

"Na ce akwai awaki."

Ya dube ni, na dube shi. Yaron ba wawa ba ne. Ya ce, "Gaskiya ne, Inna, awaki ba su da hankali."

Na ɗauki mayafi na fita titi, na zagaya, na tsaya a zauren Malam Sahabi na yi sallama kamar baƙuwa. Sai da na yi uku Kulu ta fito. Ta rame. Ba ta shimfiɗa mini tabarma ba.

"Lafiya, Ige? Kin ɓata hanya?"

"Hanyata anka toshe. Roƙo ni zo."

"Mi gare mu da za a roƙa?"

"Sama. Na sauke abin nan daga bisa zaure, ba mai ƙara hawa muddin ina da rai. Ga shi yashe tsakar gida, kaji na kwana ciki. Darbejiya ta cinye mini sama, inda ta rage awaki na nan. Ke ba ki da icce ko ɗaya. Ki ba ni aron wuri in kafa shi, jikoki sun hana ni sakat."

Ta daɗe tana dubana. Ba abin da Kulu ba ta sani ba game da gidana, har inda rana ke faɗawa a kowane lokaci.

"Iccen nan tun yana ƙarami ni ce miki ki sare shi."

"Kin faɗa. Ban ji ba."

"Ba ki taɓa jin magana ba." Ta gyara ɗaurin zane. "To wa za shi kafa?"

"Wanda ya iya."

Ta juya za ta koma ciki. Sannan ta ce, "Shi zo bayan azahar. Shi kuma zo da bakinsa."

Murtala ya zo, ya yi sallama tun daga titi, ya ƙara a zaure, ya ƙara a bakin tsakar gida, kansa a ƙasa kamar mai neman allura.

Kulu ta ce, "A'a, ashe ka iya? Ni ce ko tsuntsu anka haifa, ba shi sauka sai bisa soro."

"Inna, a yi mini aikin gafara."

"Yi abin da ya kawo ka. Ka taka mini tattasai in karya ka."

Ya haƙa rami, ya kafa turken ƙarfe, ya zuba siminti, aka bar shi kwana biyu ya sha iska. Ranar ɗora faifan na ce wannan karon da hannuna za a yi, don ba kullum namiji zai riƙa shigo wa mutane gida ba. Ya ba ni sifanar ɗaure noti. Ya koya mini in sassauta, in tura da tafin hannu, in jira, don hoton ba ya zuwa nan take. Ya koya mini ɗaurin notuna bi da bi, wannan kaɗan, wancan kaɗan, don in ka ɗaure ɗaya tam sai ya janye faifan. Na ce ashe ka sani, ranar nan ka ɗaure biyu ka gudu. Da hoto ya zauna na sa ya ja layi da ƙusa daga wuyan faifan ya sauko kan turken, yadda in ya gusa zan ga layin ya rabu. Sandar baya kuwa na ɗaura mata jan zare daidai bakin noti. Ya ce shekararsa huɗu yana aikin nan ba wanda ya taɓa sa shi haka. Na ce ba ka taɓa aiki da mai kaɗi ba ne.

Sai aka zo jan waya. Ya auna, ya ce ta titi ba za ta kai ba, ta bisa katanga kuma sai an hau. Duk muka dubi wuri ɗaya. Kulu ta tsuke baki, ta je ta mirgine turmin, ta janye zana ta farko, ta janye ta biyu.

"Don waya ne," in ji ta.

Na ce, "Don waya ne."

Ranar Arfa na ce mata ɗakina ya yi wa jikoki kaɗan, ko za ta bari a kawo talabijin rumfarta? Rumfar tana kallon ƙofar ɗakin Malam. Ta ce tunda na matsa. Sanusi ya kawo ya haɗa, ya tada janareto, ya tafi kasuwa neman rago. Kulu ta ɗage labulen ɗakin, wai don iska ta shiga. Muna zama hoton ya watse, tururuwa ta dawo. Na duba turke, layin ya rabu, ko tunkiyar layyarta ce ta goge shi da dare. Na sassauta, na tura, faifan ya fi ƙarfina ni kaɗai. Na ce Kulu ta zo ta kama. Jikoki suka biyo mu suna kallo, aka bar talabijin ba kowa. Muna turawa, layi ya kusa haɗuwa, na ce wa zai gaya mana?

Sai muka ji ƙwal, ƙwal, ƙwal. Cokali ne ake bugawa a kwano, daga ɗakin Malam. Na ƙara turawa kaɗan, bugun ya tsaya. Na dawo da shi ƙwayar shinkafa, ya ci gaba, da ƙarfi. Kulu ta saki faifan ta rufe fuska da mayafi. Ni na ɗaure notunana bi da bi, ban duba ɗakin ba. Daga inda nake ina jin talbiyyar alhazai, da wata murya da ba ta fita sosai tana bin su.

Malam Sahabi ya ƙara shekara biyu. Daga baya Kulu da kanta ta ce ko motar Sanusi za ta Sakkwato ran Litinin, tunda dai tafiya za a yi, ba wai don su ba. Aka kai shi.

Yanzu in na zauna ina mamakin Inna Tsohuwa, matar da ba ta taɓa ganin fitilar lantarki ba. Kiran nan kowa ya iya shi, baki kawai yake so. Abin da ya fi wuya shi ne bayan ido ya riga ya gani, don ba a mayar da gani. Ka ɗauki kayan mutum ke nan, kuma ba ka isa ka sauke shi a gabansa ka ce ga taimako ba. Sai ka jira iska, in ba ta taso ba ka nemo ta. Har yau ban san ko na yi ƙarya game da awakin nan ba. Na tambayi wani malami a kaikaice, ya ce awaki dai suna sosa jiki, na ce to madalla.

Faifan yana nan gidan Kulu, ya yi tsatsa, an daina amfani da irinsa, tana shanya kuɓewa a ciki. Duk baƙuwar da ta tambaya sai ta ce, "Na Ige ne. Rasa inda za ta aje shi ta yi, munka taimaka mata."

Ni kuma in ce, "Haka anka yi."